Matashin da ake duka a gidansu: jagora ga malamai, dangi da maƙwabta a Damagaram

A unguwar Birni ko ta Zango, inda katanga ɗaya ce ta raba gida da gida, babu dukan da ake yi a ɓoye. Maƙwabta suna ji, kishiya tana ji, mai shagon bakin layi ya sani. Washegari idan an tashi maganar, a kan miji da mata ake yin ta: wa ya fara, wa zai ba da haƙuri, wa zai je biko. Yaron nan ɗan shekara 15 da ya kwana zaune a zaure, ya ɗauki jakarsa da safe ya nufi CEG, wato makarantar sakandare ta farko, ba tare da ya karya ba, ba kasafai ake tambayar halin da yake ciki ba. Wannan jagora domin shi aka rubuta ta, shi da ƙanwarsa, kuma ana magana ne da babban da ke kusa da su: mushe ko madam, wato malami ko malamar boko, a aji, gwaggo, kawu, maƙwabciya, malamin makarantar dare. Gyaran auren iyaye yana iya ɗaukar shekaru, wani ma ba ya gyaruwa. Shekarar karatu kuwa daga Oktoba zuwa Yuni ce, ba ta jiran sulhun kowa. Saboda haka da yaron ake farawa.

Mataki na farko: ka san abin da kake kallo

Tashin hankalin gida bai tsaya ga mari da bulala ba. Akwai zagin uwa a gaban ƴaƴanta, da hana kuɗin cefane don horo, da barazanar saki safe da yamma, da kulle mutum a ɗaki, da tilasta wa yarinya aure, da lalata da yaro daga wani na cikin gida. Wani gidan uba ne ke yi, wani gidan matar uba ce a kan ɗan kishiya, wani kuma yaya ne babba da ya mai da ƙannensa abin huce haushi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar jima'i a rayuwarta, galibi daga miji ko abokin zama. A nan Nijar, binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na 2012 ya nuna kusan mata 60 cikin 100 suna ganin akwai dalilin da zai halatta wa miji dukan matarsa. Wannan adadin shi ya fi tayar mini da hankali, domin yana nufin yaro zai iya kai kukansa wurin mutum uku kowa ya ce masa ai haka aure yake.

Matashin da bai sha duka ba amma yana gani yana ji, shi ma an taɓa shi. Jikin ɗan Adam idan ya hango haɗari yakan saki sinadarai irin su kotizol da adirenalin, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, barci ya ƙaurace. An yi su ne don ɗan lokaci, mutum ya tsere ya huta. Idan kullum dare sai an yi tashin hankali, jikin ba ya samun sauka. Ƙwaƙwalwar da ke aikin sauraron takun ƙafar uba a ƙofa ba ta da sararin riƙe lissafi ko nahawun Faransanci, kuma a lokacin barci ne take adana abin da aka koya da rana. Matashi yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10. Yaron irin wannan gida sau da yawa ba ya samun haka, ɗan abin da ya samu ma a firgice. Wani babban bincike da aka fara wallafa sakamakonsa a Amurka a 1998, wanda ya shafi mutum sama da 17,000, ya lissafa ganin ana dukan uwa cikin abubuwan ƙuruciya da ke bin mutum har girma, tare da ƙarin haɗarin ciwon damuwa, shaye-shaye da cututtukan zuciya.

A aji ga yadda abin ke fitowa. Ɗalibin da ke da maki 13 bisa 20 a zangon farko ya faɗo 8 a na biyu, ba ciwo ba tafiya. Gyangyaɗi tun darasin farko. Latti, ko fashin ranar Litinin musamman, bayan kwana biyu cur a gida. Zabura idan an buga tebur ko an ɗaga murya. Ciwon kai da ciwon ciki da ba a gano musu dalili. Yarinya mai surutu ta koma shiru. Yaro mai sanyi ya koma faɗa a filin makaranta. Wani kuma akasin haka ne, shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi, don ba ya son komawa gida. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce ita kaɗai, yunwa ma tana sa gyangyaɗi. Abin lura shi ne sauyi: yaron da ka sani ya zama wani daban cikin ƴan makonni.

Mataki na biyu: buɗe magana ba tare da ka tona asiri ba

Nan ne mafi yawan masu kyakkyawar niyya suke ɓata aikin. An rene mu a kan cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, kuma yaron da ya faɗi abin da ke faruwa a ɗakin uwarsa yana jin kamar ya ci amanar gidansu. Idan ka tsare shi a gaban ƴan aji ka ce "me ke faruwa a gidanku?", ka rufe bakinsa har ƙarshen shekara.

Ka nemi wuri da ba a jin maganarku amma ana ganinku, kamar inuwar bishiyar makaranta lokacin hutun ƙarfe goma. Idan yarinya ce, mace ta yi mata magana. Malami namiji ya nemi madam ɗin da yarinyar ta saba da ita, wannan kariya ce gare su duka. Ka fara da abin da idonka ya gani, ba da zargi ba: "Ɗana, na ga kwana biyu barci na ɗaukarka a aji, ba halinka ba ne. Kana samun barci da dare kuwa?" Tambayar barci da ta abinci sun fi tambayar duka sauƙin amsawa, kuma sukan kai ka wuri ɗaya. Idan ya ce "ba komai, Mushe", ka karɓa. Ka ce masa duk ranar da yake son magana kana nan, sannan bayan sati ka sake tambaya. Da yawa sai a karo na uku ko na huɗu suke buɗe baki, bayan sun gwada ka sun ga maganar ba ta zaga ɗakin malamai ba.

Ranar da ya yi magana, aikinka sauraro ne. Kada ka katse shi da wa'azi, kada ka nemi ya kawo hujja, kada kuma ka zagi ubansa. Ko azzalumi ne, ubansa ne, kuma yaro yakan so mahaifinsa ya kuma ji tsoronsa a lokaci guda; idan ka zage shi, yaron zai koma kare shi ya daina faɗa maka gaskiya. Abu uku yake bukatar ji daga bakinka: ka yarda da maganarsa, ba laifinsa ba ne, kuma raba iyayensa faɗa ba aikinsa ba ne. Na biyun yana da nauyi ƙwarai, domin sau da yawa rigimar kan tashi a kan kuɗin littafi ko kuɗin tara na makaranta, sai yaron ya yanke wa kansa hukunci cewa idan ya bar boko za a zauna lafiya.

Kada ka yi alƙawarin da ba za ka iya cikawa ba. Ka ce masa: "Ba zan faɗa wa kowa ba sai da saninka, sai fa idan ranka ko na wani yana cikin haɗari, ko a nan ma zan gaya maka kafin in je."

Mataki na uku: auna girman haɗarin

Akwai rigimar da za a iya bi a hankali, akwai wadda ba ta kwana. Idan an taɓa shaƙe wuyan uwar, ko an zaro wuƙa ko adda, ko an yi barazanar kisa, ko ana dukan mai ciki, ko dukan yana ƙaruwa daga wata zuwa wata, ko mai dukan yana shan ƙwaya irin tiramol, to an wuce batun haƙuri. Shaƙe wuya musamman yana cikin alamomin da masu bincike suka danganta da kisa daga baya. Haka nan lokacin da mace ta yi niyyar yaji ko neman saki yakan zama lokaci mafi haɗari, don haka ba a shelar shirin.

Idan an ji rauni, a tafi asibitin unguwa ko babban asibitin ƙasa na Damagaram, a nemi takardar shaidar likita ko da ba a yanke shawarar kai ƙara ba, domin tabo yana warkewa amma takarda tana nan. Idan fyaɗe ne, kada a wanke tufafin, kuma a isa asibiti cikin awa 72, saboda maganin kariya daga ƙwayar cutar sida a cikin wannan lokacin yake aiki. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa yana kaiwa kwana 5, amma da wuri ya fi. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18.

Sai tambayar da kowa ke tsoro. Idan matashi ya ce "gara in mutu in huta", kada ka ce masa ya yi istigfari ya yi shiru. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, sauƙi take kawowa. Idan ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da maganin ɓera, maganin ƙwari na gona da ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi wurin likita a ranar.

Mataki na huɗu: shirin daren da rigima ta tashi

Ku zauna da yaron ku tsara abin da zai yi, dalla-dalla, tun da rana tana sama. Gidan wa zai shiga? A sami gida ɗaya takamaimai, na gwaggo ko na maƙwabciya, wanda aka riga aka gaya wa mai shi ta amince za ta buɗe ƙofa ko ƙarfe nawa ne. Ya kwashe ƙannensa ya fita da su. Ya guji madafa da duk inda ake ajiye wuƙa, taɓarya ko galma. Ya haddace lambar waya biyu a ka, don waya ita ake fara ƙwacewa.

Saurayi ɗan shekara 16 ko 17 zai ce maka shi ba zai tsaya yana kallo ana dukan innarsa ba. Kada ka raina wannan, zuciyar ɗa ce. Amma ka nuna masa cewa shiga tsakani da ƙarfi yakan ƙare da ɗayan biyu: a ji masa rauni, ko shi ya ji wa ubansa, ya wayi gari a hannun hukuma da tabon da gari ba zai manta masa ba. Fita a guje ya kira kawu ko mai unguwa shi ne taimakon da ya fi amfani ga uwar.

Takardu ma a fitar da su tun yanzu: takardar haihuwa, takardun sakamakon makaranta, katin ɗalibi. A yi kwafi a ajiye a gidan dangi. Ranar da aka kori uwa da dare ba a tsayawa neman takarda, kuma ba tare da takardar haihuwa ba ba a haɗa takardun shiga jarrabawar BEPC ta ƙarshen sakandare ta farko ko BAC ta kammala sakandare.

Mataki na biyar: riƙe masa kujerarsa a aji

Makaranta ita ce wuri ɗaya da ranar yaron ke tafiya bisa tsari, kuma idan ya rasa ta, dawowa na da wuya. A tsarinmu matsakaicin maki 10 bisa 20 ake nema a wuce aji. Wanda ya gaza sai ya maimaita, wanda ya faɗi ƙasa sosai ko ya ƙare damar maimaitawa sai a sallame shi. Zango ɗaya na tashin hankali ya isa ya jefa ɗalibi mai ƙoƙari cikin wannan layin.

Da izinin yaron, a sanar da mutum ɗaya kawai a hukumar makarantar, darakta ko surbeyan mai kula da ɗa'ar ɗalibai, ba tare da bayanin da ya wuce bukata ba: akwai matsala a gida, ana bin ta. Abin da ake nema wurinsu ƙanana ne. Kada a kore shi daga ƙofa don latti. A ba shi damar rama gwajin da ya rasa. Kada a tura shi ya zo da ubansa kan kowane ƙaramin laifi, domin wannan takardar kira tana iya zama sanadin dukan daren. A karɓi kawu ko gwaggo a matsayin waliyyi. Kada kuma a dake shi. Yaron da ya baro bulala a gida ya tarar da ita a aji ba shi da sauran wurin da zai sauke numfashi.

Sai wurin bita. A gidan da ake rigima ba a buɗe littafi. A sama masa awa ɗaya ko biyu bayan la'asar a gidan wani ɗan ajinsu, ko ya tsaya a makaranta tare da rukunin masu bita. A zaɓi darussa masu nauyin maki a fara da su, kada a ce sai ya kamo komai lokaci ɗaya. A duba cikinsa: ɗan kuɗin kunu da ƙosai da safe, daga aljihun kawu ko asusun ƙungiyar iyaye, yana canza yadda darasin farko ke shiga. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata masu tarbiyya suna nan a makarantu da yawa, kuma irin wannan aikin nasu ne.

Hanyar da ake rasa yara ta bambanta. Namiji yakan fara daɗewa a fada don kada ya koma gida da wuri. Fada wurin shayi da hira ce, da yawa ba su da aibu, wasu ma su ne ke riƙe yaro. Amma Damagaram ta san yadda wasu ƙungiyoyin samari da ake kira pale suka zama na tashin hankali, kuma yaron da ya cika da fushi, yake neman inda za a ji tsoronsa maimakon shi ya ji tsoro, shi suka fi saurin samu. Ka san fadar da yake zama da waɗanda ke cikinta. Wani kuma yakan bar aji ya hau kabu-kabu don ya ciyar da uwar da aka daina ba kuɗin cefane. Idan sana'ar ta zama dole, a tsara ta bayan tashi daga makaranta.

Mace kuwa aikin gida ne ke fara cinye ta. Idan uwa ta yi yaji, ita ce mai girki, mai reno, mai bin layin ruwa, kuma wanda ya zauna a garin nan ya san abin da neman ruwa ke ci na lokaci a watannin zafi, daidai lokacin da jarrabawa ke matsowa. Daga nan sai maganar aure ta taso, wani lokaci ma ita yarinyar ce ke karɓa don ta tsere daga gidan. A ƙasar da binciken 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 sun yi aure kafin shekara 18, ba a rasa mai ba da wannan shawara. Akwai dokar gwamnati ta watan Disamba 2017 kan karewa da tallafa wa ƴa mace da ke cikin karatu, kuma darakta yana da hurumin ya tsaya a kanta. A raba aikin gidan tsakanin dangi, gwaggo ta ɗauki ƙananan na ɗan lokaci.

Mataki na shida: manyan gida, da inda za a kai magana

Uwar ake fara gani, ita kaɗai, kuma mace ce za ta je. Ba a zuwa da "me ya sa ba ki fita ba?" Tana da dalilanta: ina za ta, da me za ta ci, kuma ta san idan ta fita ana iya riƙe ƴaƴan. A gaya mata abin da ake gani a jikin yaron, a tambaye ta abin da take so a yi. Kada a je wurin mai dukan a ce "ɗanka ya ce", wannan jefa yaron cikin wuta ne. Mai magana da shi ya zama wanda yake jin nauyinsa, wansa, ko aminin mahaifinsa, ko limamin masallacinsu, kuma ya dogara da abin da unguwa ta ji da kunnenta.

Addini yana gefen mai neman a daina. Alƙur'ani a Suratun Nisa'i ya umarci maza su zauna da matansu da alheri, kuma a aya ta 35 ya ce idan an ji tsoron ɓaraka a naɗa mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Nana A'isha ta ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. A jihar nan ne ma aka fara makarantun mazaje da goyon bayan UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, inda magidanta ke zama suna wa junansu magana kan lafiyar iyali. Namiji yakan ji daga bakin namiji ɗan'uwansa abin da ba zai ji daga wani ba.

Sulhun da ya ƙare da "ki yi haƙuri, harshe da haƙori ma ana saɓawa" kawai, ba tare da an ɗora wa mai dukan komai ba, mayar da kowa ne inda aka fito. Sulhu na gaskiya yana da sharaɗi da aka faɗa a gaban shaidu: duka ya tsaya, ga wanda zai riƙa leƙowa, ga abin da zai biyo baya idan an sake, kuma yara za su ci gaba da zuwa makaranta ko a hannun wa suke. Mai unguwa da fadar Sultan suna da ikon sasanta rigingimun aure bisa al'ada. Amma raunata mutum da gangan da fyaɗe laifuka ne a dokar ƙasa, wurinsu komisariya, wato ofishin ƴan sanda, ko jandarmomi da kotu, kuma zama miji ko uba ba ya wanke wanda ya raunata mutum. Akwai sashen ƴan sanda mai kula da yara ƙanana, akwai alƙalin yara da ke da ikon ɗaukar matakin kare yaron da ke cikin haɗari, akwai ma'aikatan jiha masu kula da kare yara, sannan hukumar ANAJJ tana taimaka wa marasa hali da shawarar shari'a.

Mataki na bakwai: bibiya

Ka sa rana ɗaya a sati da za ka tambayi yaron barcinsa, cikinsa da darasinsa, ko da minti biyar ne. Kada ka yi tsammanin maki zai tashi nan take. Barci ne ke fara dawowa, sai fashi ya ragu, maki daga baya. Idan bayan wata ɗaya ko biyu da lafawar rigimar har yanzu yana mafarkin tsoro, ba ya cin abinci, ko ya janye daga abokai, a kai shi asibiti a faɗa wa likita ainihin abin da ya faru, kada a tsaya ga maganin ciwon kai. Kai ma kada ka ɗauki nauyin kai kaɗai. A samu mutum biyu ko uku da suka san maganar, don ranar da ka yi tafiya ko aka canza maka wurin aiki.

Babban hutu shi ne lokacin da aka fi sakaci. Daga Yuli zuwa Satumba babu aji, babu mai ganin yaron kullum, kuma a cikin watannin nan ake ɗaura auren da ba a yi shawara da yarinya ba, ake tura yaro ci-rani Kano ko wani wuri. Kafin a rufe makaranta a yanke inda zai yi hutun, in da hali a gidan kaka ko kawu, a karɓi lambar wanda zai riƙe shi, a kuma tabbatar an sake rubuta sunansa. Satin farko na Oktoba ka duba rajistar ajin da kanka. Idan sunan yana nan amma kujerar babu kowa, a je gidan a satin nan, kada a bari sai an yi gwajin farko.